Daga Ɗalibai 12 Zuwa Sama da Dubu: Nazarin Lamarin Wata Makarantar Kanikanci a Jihar Wyoming

Wurin da asalin makarantar, 1966 zuwa 2002

Makarantar da wannan nazari ya bi sawunta tana garin Laramie ne, a jihar Wyoming ta Amurka. Ba za mu kama sunanta ba, duk da cewa sunan nan shi ne rabin labarin, kamar yadda za a gani a gaba.

Laramie ƙaramin gari ne, mutanensa sun ɗan haura 31,000 a ƙidayar 2020. Yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200, ga iska ga sanyi ga ƙanƙara. Jihar Wyoming kuwa ita ce mafi ƙarancin jama'a a duk Amurka, ba su kai 600,000 ba. Ke nan duk makarantar sana'a da za ta girma a nan ba za ta dogara da 'ya'yan gari ba. Sai ta je wasu jihohi ta shawo kan yaro ya bar gidansu, ya yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu a mota, ya zo ya zauna cikin sanyin nan.

An buɗe ta a 1966 da ɗalibai 22, ana koyar da gyaran mota. A hankali aka ƙara injin dizal, da gyaran bodi da fenti. Daga baya aka kawo fannonin da suka sa ta yi suna: ƙera shasin motar tsere, ƙara wa inji ƙarfi, sake gina tsofaffin motoci a mayar da su na kwalliya, da ɗinkin kujeru da rufin ciki. A wajenmu yaro yakan shekara biyar ko fiye a gareji, yana wanke sifana yana miƙa wa maigida kafin a bar shi ya buɗe inji. A can biya ake yi, a matse koyon cikin watanni, a fita da takarda. Mai ɗaukar aiki bai ga yaron a gareji ba, don haka abin da yake dubawa shi ne sunan makarantar da ke kan takardar.

A shekarun 1970 wani matashi ɗan manoma ya shiga makarantar a matsayin ɗalibi. Ya gama, aka riƙe shi malami, ya yi ta hawa har ya zama shugabanta. Ya yi sama da shekara 20 a wurin.

2002: an sayar

A 2002 kamfanin Corinthian Colleges, wanda hedkwatarsa ke Santa Ana a jihar Kalifoniya, ya sayi makarantar da kuɗin da ya haura dala miliyan 80. Kamfani ne da aka kafa a 1995, kuma tun 1999 ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Tsohon ɗalibin nan da ya zama shugaba ya bar makarantar bayan cinikin.

Sai an fahimci inda kuɗin irin waɗannan kamfanoni ke fitowa kafin a gane abin da ya biyo baya. Yawancin ɗalibai ba daga aljihunsu suke biya ba. Gwamnatin tarayya ce ke ba su tallafi da rance, kuɗin ya wuce kai tsaye zuwa asusun makaranta, bashin kuma ya rataya a wuyan ɗalibi ko ya gama ko bai gama ba. Doka ta yarda makaranta mai neman riba ta samu har kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigarta daga wannan hanya. Duk sabon ɗalibin da ya sa hannu, kuɗi ne tabbatacce. Tun 1992 doka ta hana a biya masu farautar ɗalibai lada bisa yawan waɗanda suka kawo, amma a 2002, shekarar da aka yi wannan ciniki, Ma'aikatar Ilimi ta fito da wasu sassauci da suka buɗe ƙofar baya. Ba a toshe ƙofar ba sai a Yulin 2011.

2003 zuwa 2013: suna ɗaya, alluna da yawa

Abin da sabon mai shi ya fara yi shi ne yaɗa sunan. Akwai reshe a Blairsville ta jihar Pennsylvania. Aka buɗe wani a Sacramento. Aka sayi wasu makarantu da ke da nasu tarihin, a Fremont da Oakland da kusa da Boston da yankin Daytona a Fulorida, aka sauke allunansu aka ɗora na makarantar Laramie. Haka aka yi a Long Beach. Wasu na koyar da gyaran babur da injin jirgin ruwa, wasu gyaran jirgin sama, wasu aikin famfo da wayarin da na'urar sanyaya ɗaki. Sunan da a da yake nufin wuri ɗaya da tarbiyya ɗaya, ya koma tambarin da ake mannawa a kan duk ginin da kamfani ya saya.

Ba a ce Laramie ta daina fitar da gwanaye a wannan zamani ba. A 2004 ne Jessi Combs ta gama karatu a can. Ta zama fitacciyar mai walda da ƙera motoci a shirye-shiryen talabijin, ta yi tseren sahara, sannan ta rasu a ranar 27 ga Agustan 2019 a hamadar Alvord ta jihar Oregon, tana ƙoƙarin karya tarihin gudu a mota mai injin jirgin sama. A shekara mai bi aka tabbatar mata da tarihin, gudun kusan kilomita 841 a awa, wanda ya zarce na kowace mace a doron ƙasa. Har yau labarinta na cikin abin da ke jan 'yan mata zuwa fannin.

Shi kuwa Corinthian ya yi ta kumbura. A wajen 2010 yana da ɗalibai sama da 110,000 a rassa fiye da ɗari, ƙarƙashin sunaye uku: Everest, da Heald, da na makarantarmu. A Yulin 2012 wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Tom Harkin ya fitar da rahoton bincike kan kamfanoni 30 masu irin wannan sana'a, har da Corinthian. Rahoton ya nuna cewa a 2009 sun kashe kusan kashi 23 cikin ɗari na kuɗin shigarsu a talla da farautar ɗalibai, suka kashe kusan kashi 17 a koyarwa. A Oktoban 2013 babbar lauyar jihar Kalifoniya ta lokacin, Kamala Harris, ta maka kamfanin a kotu bisa zargin ƙarya a alƙaluman ɗaliban da suka samu aiki. Sunan makarantarmu na cikin takardar ƙarar.

2014 zuwa 2015: kwana 21

A Yunin 2014 Ma'aikatar Ilimi ta ce kamfanin ya ƙi miƙa bayanan da ta nema, don haka daga yanzu sai ya jira kwana 21 kafin kuɗin tallafin ɗalibai ya shiga hannunsa. Ba a hana shi kuɗin ba, jinkiri kawai aka yi. Amma kamfanin da ke karɓar kusan dala biliyan 1.4 a shekara daga gwamnati bai da ajiyar da za ta riƙe shi sati uku. Cikin 'yan kwanaki ya sanar cewa yana iya durƙushewa. A Yuli ya amince zai sayar da rassa 85 ya rufe 12.

A Fabrairun 2015 aka sayar da rassa sama da 50 a kan dala miliyan 24, ciki har da Laramie da Blairsville da Daytona. A tuna, makarantar nan ita kaɗai an saye ta fiye da miliyan 80 shekara 13 kafin nan. Rassan Kalifoniya ba su shiga cinikin ba. A ranar 27 ga Afrilun 2015 aka wayi gari an rufe ragowar rassa 28, ɗalibai kusan 16,000 suka tarar da ƙofa a garƙame, har da na Fremont da Long Beach masu ɗauke da sunan makarantar. A farkon Mayu kamfanin ya je kotu ya ce ya karye. A 2016 kotun Kalifoniya ta yanke masa hukuncin biyan sama da dala biliyan ɗaya, lokacin da babu sauran abin da za a karɓa.

2015 zuwa 2017: maganin farko

Wanda ya sayi rassan nan sama da 50 a Fabrairun 2015 shi ne Zenith Education Group, reshen wata ƙungiya mai suna ECMC. Aikin ECMC na asali shi ne tsaya wa rancen ɗalibai da karɓo bashin da aka kasa biya. Ba ta taɓa gudanar da makaranta ba. Tunanin da aka yi shi ne, tunda neman riba ne ya lalata rassan, a mayar da su na ƙungiyar da ba ta neman riba, sai su warke. A cikin yarjejeniyar an yafe wa tsofaffin ɗalibai dala miliyan 480 na bashin da suka ci daga wani shirin rance na kamfanin.

Ɗalibai dai ba su dawo ba. Adadinsu ya yi ta raguwa, Zenith na ta asara, yana haɗe wasu rassa yana rufe wasu. A 2017 ya canza wa Everest suna zuwa Altierus, ko a rabu da tabon. A Nuwamban wannan shekara ya sanar cewa zai rufe rassa 21 ya bar uku kacal, a Tampa da Houston da Norcross. Duk rassan kanikancin nan uku, Laramie da Blairsville da Daytona, suna cikin waɗanda za a rufe. Aka daina ɗaukar sababbin ɗalibai, aka ce waɗanda ke ciki su ƙarasa, a kulle a tsakiyar 2018.

Nuwamban 2017 zuwa Yulin 2018: shawara biyu

Ga garin Laramie, abin ya wuce maganar makaranta. Ɗaliban nan su ne 'yan haya, su ne masu sayen mai da abinci, ga kuma albashin malamai da ke zagayawa a gari. Hukumomin gari da na gunduma suka tashi neman mafita, aka samu shawara biyu.

Ta farko, wata kwalejin gwamnati mai karatun shekara biyu, wadda hedkwatarta ke Cheyenne kuma tana da reshe a Laramie, ta karɓi makarantar ta shigar da ita cikin tsarinta. Da an yi haka, kuɗin makaranta zai sauko, amma ɗawainiyar za ta koma kan baitulmalin jiha da masu biyan haraji har abada, a daidai lokacin da kuɗin da Wyoming ke samu daga kwal da mai da iskar gas ya ja baya.

Ta biyu, tsohon ɗalibin nan da ya bar wurin a 2002 ya dawo da wasu abokan jari, ya ce a ba shi rance ya saya. A zaman 2018 majalisar jiha ta ware dala miliyan 5 don ceto makarantar, aka bar wa Gwamna Matt Mead zaɓi. Aka zaɓi ta biyu, kuɗin ya fita a matsayin rance. A Yulin 2018 sababbin masu ita suka karɓi makullai. Ɗalibai 12 ne, ma'aikata ma 12.

Reshen Laramie kaɗai suka saya, da sunan.

2018 zuwa gaba: abin da aka yi

Babu wani sabon abu mai ban mamaki a tsarin da aka kawo. Yawancinsa tsohon tsarin makarantar ne aka karkaɗe aka mayar.

Karatun wata tara ne. An raba shi zango shida, kowane zango sati shida, kowane sati kwana biyar, kowace rana awa takwas. Jimilla awa 1,440. Wata shida na farko ɗalibi yana kan ginshiƙin da ya zaɓa, ko ƙananan motoci, ko dizal, ko bodi da fenti. Wata uku na ƙarshe ya ɗauki fanni na musamman, a nan ne shasin motar tsere da ƙarfafa inji da ɗinkin kujeru suke. Fiye da rabin lokacin a shagon aiki ake yin sa, hannu cikin baƙin mai. A kwalejin gwamnati irin wannan karatu yakan ɗauki shekara biyu, saboda ɗalibi na zuwa 'yan awoyi ne a rana kuma ana haɗa masa da darussan da ba na inji ba. Yaron da ya gama sakandare a watan Mayu, ya shiga nan a Yuli, yana iya fara karɓar albashi kafin shekara ta zagayo. Wannan lissafi shi ne babban abin da ake faɗa wa iyaye.

Sai ladabtarwa. Akwai kayan aiki na bai ɗaya da kowa ke sawa, akwai ƙa'idar tsafta da shiga, kuma ana ƙirga latti da fashi kamar a wurin aiki. Wanda fashinsa ya wuce iyaka yana iya rasa zangon. Dalili a fili yake: mai gareji zai iya koya wa sabon yaro abin da bai sani ba game da wata mota, amma ba zai iya koya masa tashi da asuba ba. Makarantar ta sa kanta a matsayin mai tantance wannan hali kafin a kai ga ɗauka.

Wajen nemo ɗalibai, an koma ga wakilai masu yawo makarantun sakandare jiha-jiha, musamman azuzuwan koyon sana'a da ƙungiyoyin matasa manoma irin su FFA. Ana kuma gayyatar malaman sakandare masu koyar da kanikanci su zo Laramie lokacin hutun bazara su yi 'yan kwanaki a shagunan aiki. Malamin da ya je ya gani da idonsa, idan ya koma, shi ne zai faɗa wa ɗalibinsa inda zai nufa, kuma maganarsa ta fi tallar talabijin nauyi a kunnen uba. Akwai masauki na ɗalibai, abin da babu makawa sai da shi ga makarantar da mafi yawan mutanenta baƙi ne.

Sau huɗu a shekara ana ɗaukar sabon rukuni, kuma a kai a kai ana shirya taron da kamfanoni ke zuwa har makarantar su baje tebur su zanta da ɗalibai: dillalan motoci, masu tireloli, masu sayar da taraktoci da manyan injinan haƙar ma'adinai. Ɗalibi da yawa kan samu tayin aiki kafin ya gama.

Sakamako zuwa 2024

Daga 12, ɗalibai suka koma ɗaruruwa cikin shekara uku, kuma zuwa 2024 sun haura dubu. An gina ƙarin shagunan aiki masu faɗin murabba'in mita kusan 8,400, an kuma buɗe sashen walda mai zaman kansa. Har yanzu reshe ɗaya ne, a Laramie.

A Yunin 2022 gwamnatin tarayya ta yafe dala biliyan 5.8 na rancen mutum 560,000 da suka yi karatu a rassan Corinthian daga 1995 zuwa 2015. Waɗanda suka bi ta makarantar nan a zamanin kamfanin suna ciki.

A ƙasa baki ɗaya ma iskar ta juya. Tsakanin bazarar 2021 da ta 2022, masu shiga fannin kanikanci da gyare-gyare a kwalejojin shekara biyu sun ƙaru da fiye da kashi 11 cikin ɗari. Matsakaicin shekarun motocin da ke kan titunan Amurka ya kai 12.6 a 2024, tsohuwar mota kuwa ba ta rabuwa da gareji. Tsofaffin makanikai na ritaya, matasa kuma sun fara shakkar cin bashin digiri na shekara huɗu.

Abin da za a iya cewa

Alƙalamin 12 yana da daɗin faɗa, amma a yi hattara da shi. An kai 12 ne saboda an rufe ƙofar ɗaukar ɗalibai wata takwas kafin nan, a karatun da tsawonsa wata tara ne. Ba ya nuna cewa mutum 12 ne kawai suke son zuwa. Duk wanda ya sake buɗe ƙofar zai ga adadin ya hau. Tambayar ita ce me ya sa ya hau har ya wuce dubu, alhali a hannun Zenith, da gine-ginen nan da injinan nan, sauka yake yi.

Ina ganin Zenith ya yi kuskuren gano ciwon. Ya ɗauka riba ce cutar, ya cire ta. Amma wanda ya farfaɗo da makarantar shi ma riba yake nema, kuma bai ɓoye ba. Bambancin yana wajen wanda ke yanke shawara da nisan da ke tsakaninsa da shagon aiki. A zamanin Corinthian, Laramie ɗaya ce cikin rassa fiye da ɗari, ana auna ta da yawan masu sa hannu a kowane wata uku don a gamsar da masu hannun jari. A zamanin Zenith, ɗaya ce cikin fiye da hamsin, mafi yawansu na koyar da aikin asibiti da ofis ne a manyan birane ga mutanen unguwa, ita kuwa tana buƙatar wakili ya je ƙauyen Montana ko Nebraska ya zauna da uban yaro. Daga 2018 ta zama ita kaɗai ce makarantar mai ita, mutumin da ya san kowane shago tun yana ɗalibi, kuma ya karɓe ta ne da bashin jiha a kansa.

Sunan ma bai mutu ba kamar yadda aka zata. Ya ɓaci a jaridu da kotuna, amma tsofaffin ɗaliban shekarun 1980 da 1990 su ne yanzu masu gareji da manyan makanikan kamfanoni da malaman sakandare, kuma su Laramie suka sani, ba Fremont ba. Zenith ya gaji wannan jari bai san yadda ake taɓa shi ba. Da aka mayar da sunan kan gini ɗaya, mutanen nan suka samu abin da za su tura yara gare shi.

Lokaci ma ya taimaka sosai. Da a 2012 aka yi wannan ciniki, lokacin da makarantun kuɗi ke asarar ɗalibai a ko'ina, da wuya a ga irin wannan hawa.

Game da tseren motoci, gaskiyar ita ce ƙugiya ce fiye da yadda take hanya. Kejin ƙarfe na motar tsere da ƙarar inji a ɗakin gwaji su ne ke sa ɗan shekara 18 ya roƙi iyayensa su bar shi ya tafi. Guraben aiki a ƙungiyoyin tsere kaɗan ne, kuma yawancin na gasar tseren NASCAR suna kusa da Charlotte a jihar North Carolina, na gasar IndyCar a Indianapolis, duk nesa da Wyoming. Mafi yawan waɗanda suka gama, garejin dillali ko na tireloli suke nufa. Waldar da suka koya a kan shasin tsere tana yi musu amfani a can, amma ba ita ce rayuwar da aka nuna a hoton talla ba.

Kuɗin karatun dubun-dubatar daloli ne, kuma da yawa da rancen gwamnati suke biya, ta hanyar nan dai da Corinthian ya sha. Matsakaicin albashin bakaniken mota a Amurka bai kai dala 50,000 a shekara ba a ƙididdigar 2024, sabon shiga kuma ƙasa da haka yake farawa, sannan a yawancin gareji shi zai sayi akwatin kayan aikinsa da kuɗinsa. Alƙaluman da ke hannu sun nuna makarantar ta cika, an gina sababbin shaguna, kamfanoni na zuwa ɗauka. Ko ɗaliban da suka fita daga 2019 zuwa yau za su biya bashinsu ba tare da sun galabaita ba, kuma nawa ne cikinsu za su kasance a sana'ar bayan shekara goma, wannan lissafi ne da sai rukunin farko ya kai 2029 za a iya yin sa.